Kwana biyar a duwatsun Abzin, daga Agadas zuwa Timiya da bakin Tenere

Kakata ta wajen uwa 'yar unguwar Agadasawa ce a cikin birnin Kano, kuma tun muna yara in ta zauna bamu labari sai tace kakanta da ayarin raƙuma ya sauko daga Abzin, ya kawo gishiri da dabino ya koma da gero da baƙin rawani ɗan Kura, daga baya yayi aure ya zauna bai sake komawa ba. Ita kanta bata taɓa wuce Daura ba. Dan haka ranar da naje nace mata Hajiya zanje Agadas, bata ce komai ba sai da ta gama jan carbinta, sannan tace to in Allah ya kaika ka taho min da kantun gishiri da cuku, kada ka siyo min na kasuwar nan kace min daga can ne, zan gane.

A sanyin da ya gabaci rufe bodar 2023 nayi tafiyar. Wani abokina ɗan Agadas da mukayi karatu tare shine ya daɗe yana min tayi, yana cewa ku mutanen Kano kun san Dubai kun san Misira amma ƙasar da take saman kanku baku santa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na bi ta Daura na tsallaka a Kwangwalam, Matamaye, na kwana a Damagaram, washegari da asuba muka kama hanyar arewa ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450 ne zuwa Agadas amma kada ka lissafa shi da awannin titin Kano zuwa Kaduna, akwai inda kwaltar ta cinye sai dai direba ya sauka gefe yabi sawun manyan motoci. Abun da zaka lura dashi shine yadda ƙasa take tuɓewa a hankali, gonakin gero su ƙare, gawo ya ɓace, a bar ka da aduwa da tumfafiya da ƙaya, sai raƙuma suna kallon mota kamar basu damu ba.

Agadas kam tun daga nesa hasumiyar masallaci ce take fara maka sannu da zuwa. Mita 27 ce, ta ƙasa zalla, faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama, itatuwa sun fito ta ko'ina a jikinta wanda dasu ake takawa in za'a yi yaɓe. An gina masallacin wajen 1515 aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun nemi izini muka hau, matakalar ƙunci gareta sosai, can sama sai kayi gefe-gefe kafaɗarka tana gogar bango, ga warin jemagu, ga duhu, amma da ka leƙa ta sama sai kaga garin gaba ɗaya launi ɗaya kamar daga ƙasar ya tsiro, fadar Sarkin Abzin nan ƙasa kusa da kai, can arewa kuma duwatsu sunyi shuɗi-shuɗi. Na tsaya a wurin ina tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙafarsa ya biyo malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har garin nan neman ilimi, wallahi sai da jikina yayi sanyi.

Yini ɗaya ya isheka zaga tsohon gari in ka samu wanda ya san lungunan. Akwai gidan da Bature Barth ya sauka a 1850, wanda a ƙasashenmu aka sani da Abdulkarim, har yanzu ana nuna ɗakin. Akwai maƙeran azurfa masu yin sarƙar nan da duniya ta sani da tambarin Agadas, na zauna wajen wani na kalli yadda yake fara siffanta ta da kakin zuma ya lulluɓe da yumɓu ya gasa, kakin ya narke ya fita sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun ya hau gyara da ƴar guduma da magagari, ko wacce da nata gidan yumɓun shi yasa babu biyu da suke zama iri ɗaya sak. Kowa a garin yana jin Hausa, Hausarsu mai daɗi da tata karyar harshe, sai dai lissafin kuɗi ne zaka koya, dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, in baka riƙe wannan ba ciniki zai rikice maka. Abu ɗaya da abokina ya ja min kunne a kai tun ranar farko, yace kada inji kana cewa Buzu, kace Ba'abzine ko Abzinawa, dan a wajensu waccan kalmar tana da tarihin bauta a jikinta. Na ji kunya dan tun tasowata haka muke faɗa bamu san nauyinta ba.

Shiga duwatsu ba abun da zaka tashi kawai ka tuƙa motarka bane, wannan ina so kowa ya ji shi da kyau. Sai da mota kat-kat, wato mai ja da tayoyi huɗu, mai ƙarfi, gara ma biyu, sai da jagora ɗan ƙasa, sai an sanar da hukuma an karɓi takarda, wani lokacin ma sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma yanayin yana canzawa dan haka ka tambayi mutanen Agadas ɗin kansu kafin ka ɗaura niyya. A tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin, shi yasa direban kirki baya barin sawun da aka sani. Namu direban dattijo ne ɗan Timiya, da rawaninsa da amawali har kan hanci, mu dai Baba muke ce masa. Ya loda jarkokin ruwa da na mai, taya biyu na safaya, shebur, faranti biyu na ƙarfe na fitar da mota daga rairayi, buhun fulawa, gawayi, butar shayi, bargo kuma yace kowa ya ɗauki biyu. Nace Baba hamada fa zamu, yayi dariya ta cikin amawali yace yaro ɗauki biyu.

Daga Agadas zuwa Timiya kilomita ɗari biyu da ƴan kai ne amma yini guda muka yi cur. Da farko hanya tana bin gefen koramar Telwa zuwa Dabaga, goriba da lambuna, daga nan sai ƙasa ta fara tashi, duwatsu baƙaƙe ƙirin kamar an ƙona su a makera, wasu a tare wuri ɗaya kamar an juye tifa dubu, wasu kuma tsaye masu tsini wanda Baba yace tsohon aman wuta ne. Mun wuce Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza. Motar tana hawa tana sauka, ta shiga busasshiyar korama ta fita, haƙoranka suna haɗuwa, wajen la'asar taya ɗaya ta fashe a kan tsakuwa mai kaifi muka sauka muka canza. A wajen ne na fara jin shirun wurin, irin shirun da har kana jin bugun jininka a kunne. Can dama da mu akwai tsaunin Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu inda ya fita tsawo a duk Nijar, a samansa ma akwai ƙauyuka da lambuna, daga yankin nan ne da Tabelot ake lodo albasa da dankalin turawa da tafarnuwa zuwa kudu. Bamu hau ba, hawansa na ƙafa da jaki ne kuma yana son kwanakinsa daban.

To Timiya. In ka tambayeni abu ɗaya da za'a je gani a tafiyar nan, ita ce, kuma duk wanda ya tsara maka tafiya ya baka dare ɗaya a Timiya ya cuceka, ka nemi biyu. Bayan yini guda idonka bai ga komai ba sai baƙin dutse, sai kawai ka karya wata kwana kaga kore shar a kwance tsakanin duwatsu, dabino a sama, ƙarƙashinsa lemo da rumman da inabi, ƙarƙashinsu kuma fangalin alkama da albasa da tumatir. Lokacin lemo muka je, bishiyoyi sunyi nauyi har ana tokare rassan da itace. Kafin ka shiga garin da ƴan kilomita akwai inda ruwa yake zubowa daga saman dutse zuwa wani tafki a cikin kwarin baƙin dutse, lokacin da muka je zubar ba yawa dan damina ta daɗe da wucewa, amma tafkin cike yake, ruwan sanyi kamar ƙanƙara, nayi alwala dashi hannuna ya ƙage. Abun da ya ɓata min rai kawai ledoji da gwangwanayen da wasu baƙi suka bari a bakin ruwan, Baba bai ce uffan ba ya sunkuya yana tsincewa yana zubawa a aljihun rigarsa, mu ma muka bi bayansa.

Da safe ƙanin Baba ya kaimu lambunsa, anan na zauna kusan awa biyu ina kallon abu ɗaya ban gaji ba. Rijiya ce da aka kafa mata itatuwa biyu da ƙarfen juyi a sama, guga ta fata babba mai dogon baki kamar hannun riga, igiya biyu, ɗaya a jikin gugar ɗaya a bakin, duka an ɗaura wa raƙumi. Yaro ɗan shekara goma haka yana jan raƙumin ya tafi gaba, guga ta taso cike bakinta a naɗe sama ruwa baya zuba, tana isowa sai igiyar ƙasa ta miƙar da bakin ruwan ya kwarara cikin wani kututturen dabino da aka fafe, daga nan ya bi ƴar magudana zuwa fangali, raƙumin ya juyo da kansa ba'a ce masa komai ba guga ta koma. Takarkart suke kiran abun. Mai lambun yana can da ƴar fartanya yana buɗe wannan fangalin ya toshe wancan da ƙafarsa. Nace masa Malam me yasa baka sa inji ba naga maƙwabtanka sun sa, yace inji yana da sauri amma yana shan mai kuma yana shanye rijiya, raƙumi kuwa iya abun da rijiya ta tara yake ɗebowa, in ta ja baya shima ya huta. Ya tsinko min lemo ya yanka da wuƙar da ke ɗamararsa, ruwan yana bin hannuna har gwiwar hannu, zaƙi da ɗan tsami kaɗan, ban taɓa shan irinsa ba kuma ba wai dan ina wurin bane, na taho dashi Kano an sha an shaida. Akwai wani babba mai ɗan ɗaci da suke cewa pampalmus, shima yana yi sosai.

Da yamma muka hau tudun da Faransawa suka gina ƴar ganuwarsu a kai, Fort Massu, a shekarun 1950, daga can kana ganin garin da koramar da lambunan sun bi ta kamar koren zare. Mutanen Timiya Kel Ewe ne, su ne masu ayarin gishiri, duk shekara bayan damina suke haɗa raƙuma su keta hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma su kai gero su ɗauko gishiri da dabino, su dawo su huta sannan su gangara Damargu da ƙasar Hausa. Da na faɗa wa wani tsoho a bakin masallaci cewa kakan kakata da ayari ya je Kano, sai ya riƙe hannuna bai saki ba, yace shi kansa ya sha zuwa kudu da raƙuma yana saurayi, ya lissafo min zango-zango har Kano da Hausarsa tsaf, yace to kai ɗanmu ne ka dawo gida. Ban iya bashi amsa ba. Gaisuwarsu ma in an tambayi lafiya sai suce alher ghas, wato alheri kawai, kaji kalmar tamu ce tasu ce. Daren nan na gane maganar bargo biyu, garin yana sama da mita dubu, sanyin yana shiga har ƙashi.

Rana ta uku muka yi arewa muka tsaya a Asode. Kango ne yanzu, amma da can shine babban birnin Abzin, ganuwar gidaje na dutse birjik har inda ido ya kai, ragowar babban masallaci, fasassun tukwane a ƙasa ko'ina kana takawa. Komawar ciniki Agadas ta rage shi, yaƙin da jagoran Abzinawa Kawsan yayi da Faransawa a 1916 zuwa 1917 ya ƙarasa abun da ya saura. Babu mai gadi babu allo babu kowa, iska kawai. Minti arba'in ya isa, amma a tsaya, kuma dan Allah kada a ɗauki komai a sa a aljihu.

Daga nan muka karkata gabas ta koramar Zagado, kuma anan ne dutse yake miƙa wa rairayi hannu. Kafin mu shiga Baba ya sauka ya rage iskar tayoyi duka huɗu, duk da haka sau biyu muna kafewa, a sauka a tona da shebur a cusa farantan ƙarfe a tura, a ɗauko su a gudu a bi mota dan bazata tsaya ba sai ta samu ƙasa mai tauri. Mun wuce wasu duwatsun marmara masu fari da shuɗi a tsakiyar jan rairayi, sannan muka isa Arakaw dab da faɗuwar rana. Wurin kamar wani ƙaton zobe ne na duwatsu mai baki ɗaya yana kallon Tenere, iska ta shekara dubbai tana turo rairayi ta bakin nan har ya taru ya zama tuddai masu tsawon da sai ka ɗaga kai. Na cire takalmi na hau ɗaya, taku uku gaba biyu baya, numfashi kamar zai fita, da na kai sama na zauna sai ga Tenere a gabana shimfiɗe ba iyaka ba bishiya ba komai, bayana kuma baƙaƙen duwatsu, rana tana faɗawa tsakaninsu rairayin ya koma ja kamar garwashi. Nayi magariba a wurin ni kaɗai, kuma ban taɓa jin ma'anar Allahu Akbar a bakina kamar ranar ba.

Da na sauko Baba ya riga ya hura wuta ya kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ya ture garwashin gefe ya buɗe rami a rairayin mai zafi ya kwantar da ƙullun kai tsaye ba tire ba komai, ya mayar da rairayi da garwashi a kai. Bayan wani lokaci ya tono ya juya, ya sake binnewa, da ta gasu ya ƙwanƙwasa da yatsa yaji ƙarar, ya kakkaɓe ya kankare da wuƙa ya ɗauraye da ruwa kaɗan, ya gutsuttsura a kwano aka zuba miyar tumatir da albasa da man shanu. Tagalla kenan. Ko ƙwayar rairayi ɗaya ban tauna ba. Sai shayi zagaye uku a ƴan kofuna, taurari kuma sun sauko kamar ka miƙa hannu, ya nuna mana wanda masu ayari suke bi in zasu Bilma. A hirar ne yake cewa yana yaro ya ga jiminai da idonsa a kwarin nan garke-garke, da barewa ba adadi, yanzu jimina ta ƙare a daji sai wadda ake kiwo, farauta da mota da fari da tawaye sun cinye su. Yankin duka gandun da aka keɓe ne, hekta miliyan 7.7, UNESCO ta karɓe shi a 1991, shekara ɗaya bayan nan ta saka shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Mu barewa biyu kawai muka gani a kwana biyar, suma daga nesa suna gudu.

Iferwan bamu daɗe ba, mun sha mai mun ci abinci mun kalli tsaunin Tamgak da ya tsaya a kan garin kamar bango, anan ake bikin Abzin na raƙuma da kaɗe-kaɗe a ƙarshen shekara amma mun saɓa dashi. Muka bi ta Gugaram muka faɗo titin Arlit, wanda ake kira hanyar yuraniyom, sunan titi ne dai amma ramukansa sun fi kwaltarsa yawa.

Tsayawar ƙarshe Dabus, ɗan ratse kaɗan daga titin tsakanin Arlit da Agadas. Wasu duwatsu ne da in ba'a nuna maka ba zaka wuce, ka hau sama sai kaga raƙuman dawa guda biyu an sassaƙa a kwance jikin dutse, babbar ta kai mita 5.4, ko wane zane na fatarta an fitar dashi ɗaya bayan ɗaya, ido, kunne, kofato, har gashin wuya, daga bakin ko wacce kuma wani layi ya sauko zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6,000 zuwa 8,000, lokacin da wurin nan yake da ciyawa da ruwa, kuma babu ƙarfe a lokacin, da dutse aka sassaƙa dutse. Akwai wasu zanukan sama da 800 a kewaye, shanu, jiminai, mutane. Masu gadin wurin Abzinawa ne kuma basa bari a taka, daidai ne, kuma in kaje ka basu wani abu da hannunka. Da sassafe ko da yamma ake zuwa, in rana ta take tsaka zanen baya fitowa, mu mun isa bayan la'asar inuwa ta kwanta a cikin ko wane layi har kana ganin kamar dabbar zata ɗaga kai.

Mun shiga Agadas da daddare, ƙura har cikin kunne. Washegari abokina ya rakani kasuwa wajen masu gishirin Bilma na zaɓi kantu guda mai kyau aka naɗe min shi a tabarmar kaba, cuku kuma tun a Timiya matar ƙanin Baba ta bani, ga rabin buhun lemo. Kwana biyu ina riƙe da kantun nan a cinya a mota dan kada ya fashe. Da na isa gida na ajiye a gaban Hajiya, ta kwance igiyar da kanta bata bari an taya ta ba, ta ɓantari ɗan kaɗan ta sa a harshe ta rufe ido, can tace eh shine, sannan tace a kira mata ƙannena su zo in faɗa musu sunayen zangon da tsohon nan ya lissafa min, daga Timiya har Kano, kuma in faɗa a jere kada in tsallake ko ɗaya.